Gwangwanin da Aka Hana Ruwa

Ina aji shida a firamare aka kawo mana kimiyya Kafanchan. Kafin nan abin da muka sani shi ne aikin hannu: ranar Juma'a kowa ya zo da tsintsiya ko igiyar da kakansa ya yi masa a gida, malamai su ba da maki, matansu su yi shara. To, a shekarun da gwamnati ta buɗe ƙofa ta ce kowane yaro ya zo makaranta kyauta, sai aka turo mana sabon malami, saurayi dogo, da wando mai faɗin ƙafa wanda ya fi tsintsiyoyinmu iya shara. Bai daɗe da gama kwas ɗin koyarwa na gaggawa ba, ilimin na nan da zafinsa bai huce ba. Ranar farko ya tsaya gaban allo ya sanar da mu cewa zamanin hadda ya wuce.

"Sayans ba waƙar Sande Sukul ta coci ba ce," in ji shi. "Hannu zai taɓa, ido zai gani. Abin da idonka ya gani, shi za ka rubuta. Gani ya kori ji."

Sauran 'yan aji suka ce, "Yes sa," kamar yadda suke ce wa kowace magana. Ni kaɗai, don wauta, na ɗauka da gaske yake.

Gwajin farko da ya ba mu babba ne. Za mu binciko wa duniya abin da iri yake bukata kafin ya tsira. Mu arba'in da wani abu ne a ajin, kusan duka 'ya'yan manoma. Akwai waɗanda da damina sai sun gama kunya biyu a gonar citta kafin su wanke ƙafa su taho makaranta. Ko mu 'ya'yan ma'aikatan reluwe, da an yi hutu ƙauye ake tura mu cirar ciyawa a gonar acca. Amma duk wannan noma ne kawai, ba ilimi ba. Ilimi sai da gwangwani.

Kowa zai nemo gwangwanin madara uku, ya cika su da busasshiyar ƙasa, ya binne wake uku uku. Na farko a riƙa ba shi ruwa daidai. Na biyu kada ya ga ko ɗigo. Na uku a cika shi har ruwa ya sha kan ƙasar, ya zauna haka. Kwana bakwai, kullum ka duba ka rubuta. Ranar da aka ba da wannan umarni mai shayin tashar jirgi ya zama babban mutum a garin. Yara na layi a bayan teburinsa suna jiran fasinjan Fatakwal ya sha madara, shi kuwa yana zaɓen wanda zai ba gwangwani bisa ga wanda ya fi iya gaisuwa.

Ni abin ya wuce min wasa. A zangon nan ne Hedimasta zai zaɓi yara goma sha biyu da makaranta za ta tura jarrabawar shiga sakandare, kuma ya faɗa a gaban asambili cewa littafin kimiyya yana cikin abin da za a duba. Babana fita ne, mai gyaran injin jirgi a loko, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya riga ya gaya min: in sunana ya fito, zai sayo min akwatin ƙarfe da farin takalmin kambas. In bai fito ba, keken ɗinkin gwaggona na nan yana jirana. Ba na ƙin gwaggona, amma na tsani keken nan kamar me. Ina son akwatin ƙarfe har cikin raina.

Malam ya ce a kawo iri mai kyau, ba waken kasuwa da ƙwari suka huda ba. Iri mai kyau kuwa a gidanmu wuri ɗaya yake. Kakata, mahaifiyar Baba, ta dawo wurinmu daga wani ƙauye a bayan Manchok bayan rasuwar mijinta. Kayanta ba su cika kwando ba, amma ta taho da wata gora cike da irin wake gauraye da toka, ta rataye ta a rufin kicin. Ba ta da gona a barikin reluwe sai wani ɗan fili bayan banɗaki wanda tabarma biyu za su rufe shi, amma tana kula da gorar nan kamar akwai kadada goma da ke jiranta. Na jira ta tafi taron zumuntar mata, na hau turmi, na zazzago guda tara. Ban tambaye ta ba. A ganina ai kimiyya ba ta neman izini.

Na jera gwangwanayena a bakin tagar baya, na manna musu lamba da takarda da ƙullin tuwo. Kullum da safe in ba na farko ruwa, in cika na uku, in harari na biyu in wuce. Abin da ya fara ɗaure min kai na ukun ne. In na cika shi da safe, kafin in dawo makaranta ruwan ya tafi. Na rubuta: "Ruwa ya ɓace." Na sake cikawa. Washegari na sake rubuta: "Ruwa ya ɓace." Ban taɓa tunanin in ɗaga gwangwanin in duba gindinsa ba, domin Malam bai ce a duba gindi ba.

Rana ta huɗu na farko ya fasa ƙasa. Na yi murna. Rana ta biyar na uku ya biyo shi. Na sosa kai. Da yammacin ranar kuwa na biyu, wanda ko yawu ban tofa masa ba, ya turo kai uku reras, kore shar, sun ma fi na farko ƙiba. Na daɗe tsugune ina kallonsu. Sai wani irin daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe littafin Turawa ma yana kuskure, kuma ni ce Allah ya nufa in gano. Har na hango Hedimasta yana kiran sunana a asambili. Na ɗauki biro na rubuta da manyan baƙaƙe: "Ban zuba ruwa ba, amma ya tsira." Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Litinin kowa ya jera gwangwanayensa a kan benci. Abin sha'awa, wallahi. Masana arba'in, sakamako ɗaya: na farko kore, na biyu a bushe ƙamas, na uku kwance cikin ruwa. Kamar uwa ɗaya ta haife su. Nawa ne kaɗai suka yi fure fure kamar gonar fadama. Malam yana zagayawa yana gyaɗa kai, har ya iso kaina ya tsaya. Ya karanta littafina. Ya cusa ɗan yatsa cikin gwangwani na biyu, ya zaro shi da danshi. Ya ɗaga na uku sama, sai ga hujin ƙusa guda uku a gindinsa, an yi su da kyau kamar na kwandon tata.

"Kin zuba ruwa, kin ce ba ki zuba ba. Kin huda gwangwani, kin ce ruwa ya ɓace. Ina ya tafi? Ya hau jirgin Jos?"

Aji ya fashe da dariya.

"Sa, na rantse ban zuba ba. Abin da na gani na rubuta."

"Nonsans! Ga lalaci, ga ƙarya. Maƙaryaci ba ya sayans."

Bulala shida na sha a hannu, ya zana min ƙwai da jan biro, babba, har da ido da baki. Bulalar ba ta dame ni ba, mun saba. Kalmar maƙaryaciya ce ta fi ci min rai, da kuma ganin akwatin ƙarfena yana juyewa keken ɗinki.

Da aka fita tara, yarinyar da muke zama benci ɗaya ta ja ni bayan aji tana dariya ƙasa ƙasa.

"Ke dai mumu ce, wallahi. Kina tsammani namu bai tsira ba? Mamana tun rana na biyu ya zuba wa nawa ruwa. Na wancan yaron babansa har taki ya sa masa. Da safen nan muka tsaya wajen kurosin na layin dogo, muka zubar, muka ɗebi busasshen ƙasa muka sa sabon wake. Kowa ya san amsa yana shafi na goma sha huɗu."

Ashe haka kimiyyar take. Gidaje arba'in, babu gidan da aka iya zuba ido a kalli iri yana ƙishi. Yara arba'in kuma duk sun gane cewa abin da ido ya gani daban, abin da ake ba maki daban. Ni kaɗai na zo da gonata a hannu ina jiran tafi.

Na koma gida ido a kumbure. Kaka na zaune bakin kicin tana tsince acca. Mu 'ya'yan bariki yarenmu ya gurgunce, don haka in tana so magana ta shige ni sai ta juya Hausa, irin tata ta kasuwa da coci, wadda mace da namiji duk "kai" ne. Na dire gwangwanayen a gabanta na nuna mata hujin.

"Kaka, ke ce?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ni ne. Ka sata iri na, ban yi magana ba. Na ce yaro yana so ya koya shuka, abu mai kyau. Sai na gani ka ba ɗaya ruwa, ka hana ɗaya, ka nutsa ɗaya. Shi wannan wake, me ya yi maka?"

"Gwaji ne! Malam ya ce a hana shi, don mu gani ko zai tsira!"

"Ba zai tsira ba. Da ka tambaya ni."

"Ai an sani! So ake a gani da ido!"

Nan ta ajiye faifan ta dube ni. "An sani, kuma ana yi? Ka ji ni da kyau. Iri a cikin gora, barci yake yi, ba ruwanka da shi. Ran da ka sa shi a ƙasa, ka yi masa alkawari ke nan. Ko mai binne da rani, yana jiran ruwan Ubangiji ne. Kai ka binne shi da niyya ka hana. Wannan ba makaranta ba ne, mugunta ne."

Washegari na kai wa Malam wannan bayani, ina tsammanin zai wanke ni. Ya saurara yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce sayans ba ruwansa da kakar kowa. Amma Allah ya sa yana da sauran imani. Ya ce in kawo wake uku. Da yamma na gaya wa Kaka, ina kuka. Ita da kanta ta sauko da gorar ta ƙirgo min uku a tafin hannu, ta ce, "Na ba ka iri. Ban ba ka alkawari ba." Da safe Malam ya ɗiga wa kowace ƙwaya jan tawada don kada in bi hanyar kurosin, ya binne su da hannunsa a busasshiyar ƙasa. Ya ba ni kwana bakwai. In sun dawo a bushe, zai goge ƙwan ya kai sunana ofis. In sun tsira, in nemi zare da allura.

Haka na zama mai gadin gwangwani. In tafi da shi makaranta, in dawo da shi. In je famfo, yana cikin zanina. In je niƙa, yana hammata. Ranar Lahadi na shiga coci da shi a cikin jakar littafin waƙa, kuma kamar an aiko Fasto, sai ya ɗauko misalin mai shuka. Kaka na benci na gaba cikin mata, ta juyo ta dube ni sau ɗaya, ta juya. Maƙwabta suka fara tambayar Mama ko lafiyata ƙalau. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu tana yawo a gari tana tsare wake daga ruwa, kamar mai tsare akuya daga kura. Wannan shi ne ci gaban da aka kawo mana.

Wuri ɗaya ne ba a shiga da shi, banɗaki. Ranar da ya cika kwana biyar na ɗora shi can saman kabad na shiga wanka da sauri sauri. Ina fitowa na tarar da tsohuwar nan, wadda kullum take kukan gwiwa, ta taka kujera ta sauko da shi. Gwangwani a hannun hagu, ludayi cike da ruwa a hannun dama. Saura ƙiris.

Ban san lokacin da na fizge shi ba. Bakina kuma ya riga hankalina.

"Ke ba ki san komai ba! Ko sunanki ba ki iya rubutawa ba! So kike in zauna jahila kamar ke, ina rataye wake a rufi?"

Da Hausa na faɗa, tsaf, don ta ji da kyau. Ta kuwa ji. Ba ta zage ni ba, ba ta kira Mama ba, ba ta kai ƙara wurin Baba ba, wanda da ya ji da sai ya kusa cire min fata. Ta dubi ludayin, ta je bakin ƙofa ta zubar da ruwan a ƙasa a hankali, ta ce, "To, mai boko." Ta koma kicin.

Daga nan na samu abin da nake so. Na ajiye gwangwanin a bakin taga, a fili, babu mai taɓa shi. Kaka in za ta wuce sai ta kau da kai. Ta daina kirana in murza mata baya da man kaɗanya, ta daina ajiye min ƙanzo. In na gaishe ta sai ta amsa, daidai yadda ake amsa wa ɗan maƙwabta. Na yi ta juya kalmar ban haƙuri a bakina, amma girman kai na 'yar aji shida ya hana ta fita. Magana zarar bunu ce, na san haka tun a lokacin, ba sai da na girma ba.

Ranar da zan mayar da gwangwanin, ina ɗaura ɗankwali, ta yi min magana daga bakin murhu ba tare da ta juyo ba.

"In sun gama da su, ka dawo mini da su."

Malam ya juye ƙasar a kan tebur a gaban kowa, ya tona da bakin biro. Wake uku, jan ɗigo uku, a bushe kamar ranar da aka binne su. Ya ɗaga su sama, fuskarsa cike da nasara.

"Kun gani da idonku? Me muka gano?"

"Iri ba ya tsira sai da ruwa, sa!"

'Ya'yan manoma arba'in suka sunkuya suka rubuta wannan sabon labari a littafi, kada su manta. Malam ya goge ƙwan, ya rubuta min tara bisa goma, ya ce da rana zai kai sunana ofis. Sannan, da yake waken sun gama aikinsu, ya watsa su ta taga ya kakkaɓe hannu.

Ana kaɗa ƙararrawar tara na zagaya bayan aji na durƙusa cikin busasshiyar ciyawa. Kajin Hedimasta sun riga ni isa wurin. Na kore su, na bi ƙasa da yatsu har aka koma aji, har aka aiko monita ya kira ni. Biyu na samu. Na ukun ya tafi cikin kaza.

Na kai mata su a ƙulle a bakin ɗankwali. Na ce, "Kaka, sunana ya fito." Ta ce, "Madalla." Na kwance ƙullin na zuba mata a hannu. Ta juya su da yatsa, ta dubi jan tawadar, ta dube ni.

"Uku na ba ka."

"Kaza ta ci ɗaya."

"To. Shi ya yi amfani."

Ta tashi da ƙyar, na bi ta har ɗan filinta na bayan banɗaki. Ta tona rami biyu da ɗan yatsa, ta sa su, ta rufe da diddige. Ta ɗebo ruwa a ludayin nan dai, ta tsaya. Na zaci zubawa za ta yi. Sai ta miƙo min.

"Kai ka hana. Kai za ka ba."

Na karɓa. Na zuba, rabi a kan ramin, rabi a kan ƙafata, ina kuka kamar an yi min mutuwa. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce gobe ma da safe, kafin makaranta.

Kwana biyar suka fasa ƙasa. Ɗaya ya fito da ɓawonsa a ka kamar hula, jan ɗigon Malam na nan a jiki. Na kira ta da gudu ta zo ta gani. Ta sunkuya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ka je ka rubuta." Ban rubuta ba. Babu shafinsa a littafin.

Na ci jarrabawa, Baba ya sayo akwatin ƙarfe da farin kambas. Kaka ta koma ajiye min ƙanzo tun kafin in tafi, ni kuma na ɗauki wannan a matsayin an wuce wurin, na bar ban haƙurin sai wani hutu. Ina aji biyu a sakandare aka zo aka ɗauke ni tsakiyar zango. Ta rasu ban ce mata ta yafe min ba, kuma har yau abin yana ci na. Da aka zo raba 'yan kayanta, gwaggona ta ɗauki zannuwa, wata ta ɗauki littafin waƙar da Kaka take riƙewa a coci ba ta iya karantawa. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin kicin. Ni na jawo turmi na hau.